An Sake Wa Tuwo Suna: Darasi A Kan Kasuwar Hasashe

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Amurka. Akwai wani irin ciniki da ya yi ƙarfi can a shekarun nan, ana ce da shi kasuwar hasashe. A wannan kasuwa ba a sayar da hatsi, ko tufa, ko dabba. Abin da a ke saye da sayarwa shi ne amsar tambaya a kan abin da bai faru ba tukuna. Tambayoyin suna da yawa: wa zai ci zaɓe, ko za a yi ruwa ran kaza, wace ƙungiya za ta ɗauki kofi. Mun zaɓi guda ɗaya domin mu bincike ta sosai. Ga ta: a cikin masu cafe ƙwallo na Amurka, wa zai fi kowa yawan yadi a kakar wasa?

Watakila wani zai ce, ina ruwanmu da ƙwallon Amurka? Ruwanmu shi ne, waya ba ta san iyakar ƙasa ba. Mun riga mun ga shagunan cacar ƙwallo a garuruwanmu, mun kuwa ga samarinmu suna yin ta a waya, har waɗansu daga cikin masu zuwa sujada. Yanzu ga wani abu mai kama da ita ya fito da sabuwar riga, masu shi suna cewa shi ciniki ne, ba caca ba. Ya kamata mai bi ya iya gwada irin wannan magana da kansa. Kafin mu ci gaba, sai kowa ya buɗe Littafinsa ya karanta Yaƙub 4:13-17, da Mai-Wa'azi 9:11-12.

1. Wasan da a ke magana a kansa

Ƙwallon ƙafa na Amurka ba irin namu ba ne. Ƙwallon dogo ne, kamar ƙwai mai tsini biyu, yawancin wasan kuwa da hannu a ke yinsa. Kowane gefe mutum 11 ne. Tsawon fili daga layin ci zuwa layin ci yadi 100 ne, irin yadin nan da mu ke auna tufa da shi a kasuwa. Gefen da ke riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba yadi 10. In sun yi, sai a ba su waɗansu huɗu. In sun kai ƙwallon bayan layin abokan wasa, sun ci maki 6.

Akwai mutum ɗaya wanda aikinsa jifa ne, akwai kuma masu gudu waɗanda aikinsu cafewa ne. Mai cafewa yakan sheƙa a guje, mai jifa ya wurgo masa, shi kuwa ya cafe ya ci gaba da gudu har a kā da shi ko ya fita fili. Sai a auna daga inda aka fara zuwa inda aka tsai da shi, a rubuta masa yadin. Haka za a yi ta tarawa, wasa bayan wasa.

Babbar hukumar wasan, wadda a ke ce da ita NFL, an kafa ta a 1920, tana da ƙungiya 32. Tun daga 2021 kowace ƙungiya tana yin wasa 17 a kaka, daga watan Satumba zuwa farkon Janairu. In an gama sai a duba lissafi, a ga wanda ya fi kowa yadi. A 2012 wani mai suna Calvin Johnson, na ƙungiyar Detroit, ya tara yadi 1,964, har ƙarshen kakar 2024 kuwa ba wanda ya kai shi. Mil ɗaya yadi 1,760 ne, watau ya wuce mil guda ke nan.

Ba mu ga laifi ga wasan motsa jiki ba. Manzo Bulus da kansa ya yi misali da masu tsere, da yadda su ke horon jikinsu domin su sami lada (I Korinthiyawa 9:24-27). Mai cafe ƙwallo yana cin guminsa ne. Maganarmu a kan waɗanda ke zaune gida ne, suna aza kuɗi a kan gumin wani.

2. Yadda kasuwar ta ke ci

Ga yadda a ke yi. Kamfani yakan rubuta sunayen 'yan wasa a intanet. A gaban kowane suna akwai takarda iri biyu, ta "I" da ta "A'a". Wanda ya sayi ta "I" yana cewa wannan mutum shi zai zo na fari. Wanda ya sayi ta "A'a" yana cewa ba shi ba ne. Dala 1 ta Amurka santi 100 ce. Kuɗin takarda yana tsakanin santi 1 da santi 99. Ran da kaka ta ƙare, takardar da ta faɗi daidai za a biya ta dala 1. Wadda ta kuskure ta zama banza, ko santi ba ta da shi.

Bari mu yi misali. A ce takardar "I" ta wani ɗan wasa tana santi 20. Mutum ya sayi 100, ya biya dala 20. In ɗan wasan ya zo na fari, sai ya karɓi dala 100. To, dala 80 ɗin nan da ta hau, daga ina ta fito? Daga aljihun wani mutum ne, wanda ya sayi takardar "A'a" guda 100 a kan santi 80. Su biyu suka haɗa dala 100, ɗaya ya kwashe duka. Kamfanin kuma yana da ladan da ya ke cira a kan ciniki, kamar dillali.

Kuɗin takarda ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ɗan wasa ya yi abin kirki ran Lahadi, takardarsa ta hau. In ya ji ciwo, ta faɗi nan da nan. Mutum yana iya sayar da tasa kafin kaka ta ƙare, da riba ko da hasara. Saboda wannan hawa da sauka ne a ke ce da abin kasuwa. Masu shi kuma suna cewa kuɗin takarda shi ne ma'aunin abin da jama'a ke tsammani: santi 20 yana nufin dama ɗaya cikin biyar.

Abin ya faro ne daga makaranta. A 1988 malaman Jami'ar Iowa suka buɗe wata ƙaramar kasuwa irin wannan a kan zaɓen shugaban ƙasa, domin bincike, suka kuma ƙayyade kada kowa ya sa fiye da dala 500. Daga baya 'yan kasuwa suka ga akwai samu a ciki. An kafa kamfanin Kalshi a 2018, hukumar gwamnatin tarayya mai lura da irin wannan ciniki, watau CFTC, ta ba shi izini a 2020. An kafa Polymarket a 2020, hukumar nan ta ci shi tarar dala miliyan 1.4 a Janairu 2022, domin ya yi ciniki ba rajista. A Janairu 2025 Kalshi ya fara sayar da takardu a kan wasanni.

Nan rigima ta tashi. Tun watan Mayu 2018 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokar 1992 wadda ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, saboda haka kowace jiha ta zama ita ke da iko a kan cacar da a ke yi a cikinta. Fiye da jiha 30 suka halatta, da sharuɗa da haraji, waɗansu kuwa suka ƙi. A 2025 jihohi irin su Nevada da New Jersey suka aika wa Kalshi takarda ya daina, suka ce abin da ya ke yi caca ce ba lasisi. Kamfanin ya kai ƙara, ya ce shi kasuwa ne, gwamnatin tarayya ce ke da iko da shi. A shekaran nan alƙalai ba su yi baki ɗaya ba, wani ya ba kamfanin gaskiya, wani ya ba jiha. Ku lura, gardamar duka a kan suna ce. Sunan kuwa yana da nauyi, gama a yawancin jihohin da suka halatta cacar wasanni sai mai shekara 21 ya ke yi, amma kasuwar tana karɓar mai shekara 18.

Mu dai ba alƙalan Amurka ba ne. Ko kotu ta ce ciniki ne, ko ta ce caca ce, mai bi yana da ma'auni nasa.

3. Abin da shekara huɗu suka nuna

Bari mu duba abin da ya faru da waɗanda suka zo na fari daga 2021 zuwa 2024.

A 2021 Cooper Kupp, na ƙungiyar Los Angeles Rams, ya tara yadi 1,947, saura 17 kaɗai ya kamo Calvin Johnson. Da shekara ta kewayo, ya ji ciwo a idon sawu cikin watan Nuwamba. Wasa 9 ya yi, ya tashi da yadi 812.

A 2022 Justin Jefferson, na Minnesota, ya zo na fari da yadi 1,809. A watan Oktoba 2023 naman cinyarsa ya yi rauni. Wasa 10 ya samu ya yi a kakar, ya tashi da yadi 1,074.

A 2023 Tyreek Hill, na Miami, ya faɗa a fili cewa yana neman yadi 2,000. Ya kama hanya sosai, sai a watan Disamba ya gurɗe a idon sawu, wasa ɗaya ya wuce shi. Duk da haka ya zo na fari da 1,799. Na biyu, CeeDee Lamb na Dallas, yana da 1,749. Tsakaninsu yadi 50 ne, rabin fili, abin da mutum ke iya yi da cafewa ɗaya. A 2024 Hill ya yi wasa 17 cif, amma yadi 959 ya samu. Mai jefa masa ƙwallo ya bugu a kai cikin watan Satumba, wasa huɗu a jere bai fito ba.

A 2024 Ja'Marr Chase, na Cincinnati, shi ya zo na fari da yadi 1,708.

Shekara huɗu, mutum huɗu. Ukun farko duka gwanaye ne, kowannensu ya shiga sabuwar kaka jama'a suna zuba masa ido, ba kuwa wanda ya maimaita. Biyu ciwon jikinsu ya tsai da su. Na uku kuwa, ciwon da ya sami kan wani mutum dabam yana cikin abin da ya rage masa. Mai cafewa ba ya cafe abin da ba a jefo ba.

Ashe, abin da Mai-Wa'azi ya lura da shi tun dā ke nan (9:11). Ya ga ba kullum mai sauri ke cin tsere ba, ba kuma kullum mai ƙarfi ke cin yaƙi ba, gama akwai lokaci da tsautsayi da ke samun kowa. Yaƙub kuma ya tsauta wa masu tsara cinikin shekara guda da ribarsa kamar gobe a hannunsu ta ke, alhali ransu kamar hazo ne da ke watsewa. Wanda ya aza kuɗinsa a watan Satumba a kan abin da za a sani a Janairu, ya aza shi ne a kan idon sawun wani mutum, da cinyarsa, da kan abokin wasansa, har wata huɗu. Ko mai ƙafar bai san abin da zai same ta ran Lahadi ba.

4. Hujjar masu kasuwa

Kada mu yi musu rashin adalci. Suna da hujja, ya kamata mu ji ta.

Suna cewa taron jama'a yakan fi mutum ɗaya sani. A 1906, a wani bikin nuna dabbobi a Plymouth ta ƙasar Ingila, aka tsai da sa, aka ce mutane su cinci nauyin namansa bayan an yanka an gyara. Wani masani, Francis Galton, ya tattara takardu 787 ya jera su. Cintar da ta faɗo tsakiya laba 1,207 ce. Da aka auna naman aka sami laba 1,198. Laba 9 kaɗai suka kuskure. Masu kasuwar hasashe suna cewa haka kuɗin takardarsu ya ke: yana tara sanin mutane da yawa wuri ɗaya, tun da kuwa kowa ya sa kuɗinsa, ba mai faɗin abin da bai gaskata ba.

Akwai gaskiya a ciki. Littafin Misalai ma ya yabi yawan mashawarta (15:22). Amma ga abu biyu da za mu lura da su.

Na fari, san nan yana tsaye a gabansu. Nauyinsa yana jikinsa, mahauta da manoma suna ganinsa da ido. Raunin da zai sami ɗan wasa a watan Nuwamba ba ya tsaye a gaban kowa a watan Satumba. Taro yana iya auna abin da ke akwai, yana kuma iya ƙiyasta abin da ya saba faruwa. Amma in takardar wanda ya fi kowa farin jini tana santi 20, kasuwar da bakinta tana cewa sau huɗu cikin biyar ba shi zai zo na fari ba. Watau kasuwar ma ta yarda ba ta sani ba.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai sa kuɗi. In da gaske ne kuɗin takarda daidai ya ke, to, mai saye ba shi da riba. Wanda ya yi ta sayen takardar santi 20 sau biyar, ya ci sau ɗaya, ya biya dala 1 ya karɓi dala 1. A cire ladan kamfani, ya koma gida da ƙasa da abin da ya fito da shi. Ba zai ci riba ba sai in ya fi kasuwar sani. Su wa ke cikin kasuwar? Akwai manyan kamfanonin ciniki masu kwamfuta da ma'aikatan lissafi, waɗanda ba su da wani aiki sai wannan, suna samun labarin ciwon ɗan wasa tun kafin ya iso kunnen talaka. Saboda haka yabon da a ke yi wa kasuwar shi ne gargaɗi ga mai shigarta. Iyakar gwanintarta, iyakar wuyar cinta.

5. Ciniki ne ko caca?

Wani zai ce, ai manomi ma yana zuba iri bai san ko za a yi ruwa ba. Falke yana sayen kaya bai san yadda kasuwa za ta ci ba. Ubangiji ma ya tsauta wa bawan da ya binne kuɗin maigidansa maimakon ya juya shi (Matta 25:14-30). To, mene ne bambanci?

Mu faɗi gaskiya, ba wata aya a Littafi Mai Tsarki da ta ambaci kasuwar hasashe, ko ta kira sunan caca ta hana. Amma akwai tambaya uku da Maganar Allah ta koya mana mu yi a kan kowace hanyar samun kuɗi.

Ta fari: me aka ƙara a duniya? Manomi in ya yi sa'a, akwai hatsin da dā babu. Falke ya kai gishiri inda babu gishiri. Bulus ya ce mutum ya yi aikin kirki da hannuwansa domin ya sami abin ba mabukaci (Afisawa 4:28). A kasuwar nan, ko an sayi takarda miliyan, ba a ƙara wa ɗan wasa ko yadi ɗaya ba. Kuɗi ne kawai ya tashi daga wannan aljihu ya faɗa wancan, dillali ya gutsuri nasa a hanya.

Ta biyu: wa ke biyan wanda ya ci? A cinikin kirki mai saye da mai sayarwa duka suna iya komawa gida da murna, wannan ya sami dawa, wancan ya sami kuɗi. A nan ba dama su biyu su yi murna. Dala 80 ta wannan ita ce hasarar wancan. Mai takardar "A'a" ba zai ci ba sai ɗan wasan ya kāsa, hanya mafi sauri ta kāsawa kuwa ita ce rauni. Ku yi tunani: mai bi yana zaune da waya a hannu, aka ce wani saurayi ya faɗi a fili yana riƙe da gwiwa, zuciyarsa kuwa ta yi fari. Dokar da ta hana ƙyashin abin maƙwabci (Fitowa 20:17), da koyarwar cewa ƙauna ba ta cutar maƙwabci (Romawa 13:10), sun isa su nuna mana wannan ba wurin zamanmu ba ne.

Ta uku: haɗarin nan, dā ma yana kanka, ko kuwa kai ka je ka sayo shi? Nan ne masu kasuwar su ke fakewa, gama akwai cinikin gaba na gaskiya. Tun 1848 aka kafa kasuwar hatsi a Shikago, inda daga baya manomi ya ke iya yin alkawarin sayar da alkamarsa a kan kuɗi kaza tun ba a girbe ba, mai niƙa kuma ya san abin da zai biya. Manomin yana da alkama, faɗuwar kasuwa za ta cuce shi, sai ya sauke kayan da ke kansa. Yusufu ma ya tanada wa shekarun yunwa (Farawa 41). Amma mai sayen takarda a kan yadin ɗan ƙwallo, me zai same shi in ɗan wasan ya zo na biyu? Ba kome. Ba gonarsa, ba shagonsa, ba abincin 'ya'yansa da ya rataya a kai. Yana zaune lafiya, sai ya biya kuɗi aka ɗora masa kaya.

Tambayoyin nan uku sun ba da amsa ɗaya. An yi amfani da kalmomin kasuwa, da takardun kasuwa, da hukumar kasuwa, amma abin da ke cikin akushi bai sāke ba. An sake wa tuwo suna ne.

Kada kuma a kawo maganar ƙuri'a. Gaskiya ne manzanni sun jefa ƙuri'a suka zaɓi Matiyas (Ayyukan Manzanni 1:23-26), amma da addu'a suka yi, suna neman nufin Allah, ba wanda ya tafi da kuɗin wani. Ƙuri'ar neman abin wani da muka sani sosai ita ce wadda sojoji suka jefa a gindin gicciye a kan rigar Ubangijinmu (Yohanna 19:23-24).

6. Abin da ta ke ci

Hukumar wasan da kanta ta san haɗarin. A 1963 ta dakatar da manyan 'yan wasa biyu, Paul Hornung da Alex Karras, kaka guda, saboda sun yi caca a kan wasanninta. A 2022 ta dakatar da Calvin Ridley, wanda shi ma mai cafewa ne, a ƙungiyar Atlanta a lokacin, kaka guda cur, domin ya sa kuɗi a kan wasanni a watan Nuwamba 2021. In masu abin suna tsare 'yan wasansu daga gare ta haka, mu fa da 'ya'yanmu?

Bulus ya gargaɗi Timothawus a kan masu ɗokin yin arziki, ya ce sukan faɗa cikin jaraba da tarko, har waɗansu sun bauɗe daga bangaskiya (I Timothawus 6:9-10). Tarko ba ya nuna kansa. Kasuwar nan ba ta da ranar tashi, ba ta rufewa da dare. Kuɗin takarda yana motsi, mai ita kuwa yana ta leƙen waya, a wurin aiki, a wurin cin abinci. Manyan wasannin kuma ran Lahadi a ke yi. Wanda ya ci sai ya ce wayonsa ne, ya ƙara. Wanda aka cinye sai ya ce bari ya fanshe, ya ƙara. Daga kuɗin shayi a kai ga kuɗin makarantar yara, daga nan a kai ga rance, daga rance a kai ga ƙarya. Garin neman gira a rasa ido.

Wannan sabuwar riga ta fi tsohuwar haɗari ga mai ilimi. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis, wanda zai ji kunya a gan shi yana fitowa daga shagon caca, ba zai ji kunya ya ce yana ciniki a kasuwa ba. Yana duba jadawali, yana lissafi, yana ganin kansa ɗan kasuwa. Lamirinsa ya yi barci, gama an ba zunubin suna mai daraja.

7. Me za mu yi?

Na ɗaya, mu kira abu da sunansa. Duk wata hanyar samun kuɗi da aka kawo mana, ko daga Amurka, ko daga ina, mu gwada ta da tambaya ukun nan. Iyaye da malaman ajin Lahadi su koya wa yara su, har su iya a ka.

Na biyu, mu tuna kuɗin da ke hannunmu amana ce. Littafin Misalai ya nuna dukiyar gaggawa takan lalace, wadda aka tara kaɗan kaɗan kuwa ita ke yalwata (13:11). Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ke da rarar kuɗi, ga sana'a, ga kiwo, ga karatun yara, ga gwauraye da marayu, ga aikin bishara.

Na uku, mai son kallon wasa ya kalla domin wasan. Ya yaba wa gwani, ya ji tausayin wanda ya ji ciwo. Ran da kuɗi ya shiga, ɗan wasa ya daina zama mutum a idonsa, ya zama lamba.

Na huɗu, wanda ya riga ya faɗa kada ya ɓoye. Ya je wurin pasto ko wani dattijon ekklesiya ya faɗi gaskiya, da iyakar bashin da ke kansa. Ya share abin daga wayarsa. In ya yiwu, matarsa ko wani amintacce ya riƙe masa kuɗi har ya sami ƙarfi. Kada ya ce bari ya fanshe tukuna, gama wannan ita ce igiyar tarkon. Mu kuwa sauran, kada mu yi masa dariya, ko mu kai maganarsa bakin kasuwa. An umarce mu mu komo da irin wannan da tawali'u, muna lura da kanmu kada mu ma a jarabce mu (Galatiyawa 6:1-2).

Gobe ta Allah ce. Bai ba mu ita mu sayar ba, bai kuwa bar mu mu ji tsoronta ba. Wanda ya san Uba na sama yana sane da bukatarsa (Matta 6:25-34) ba shi da dalilin sayen takardar santi 20.

Tambayoyi domin aji

1. In mutum ya ci dala 80 a kasuwar hasashe, daga ina kuɗin ya fito?
2. Me ya sami Kupp, da Jefferson, da Hill a shekarar da ta bi nasararsu? Yaya wannan ya dace da Mai-Wa'azi 9:11?
3. Mene ne bambanci tsakanin manomin da ya yi alkawarin sayar da hatsinsa, da mai sayen takarda a kan ɗan wasa?
4. Ku faɗi tambaya uku da za mu gwada kowace hanyar samun kuɗi da su. Waɗanne abubuwa ne a garinku ya kamata a gwada?
5. In wani ɗan'uwa ya zo ya ce caca ta cinye albashinsa, me ekklesiyarku za ta yi masa a makon farko?

Ayar haddacewa: Misalai 27:1.

Mu yi addu'a domin samarinmu da 'yammatanmu, Ubangiji ya ba su aikin hannu mai albarka da zuciya mai wadar zuci. Mu yi addu'a kuma domin gidajen da caca ta shiga, Allah ya kwance waɗanda ta ɗaure, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.